Katin da Lawali Ya Ba da Habbanaye

Shekara biyar ke nan, kakar nan da muke shiga, da Lawali Montaj ya kwanta dama. Na ƙirga da yatsu har sau biyu don kada in yi ƙarya a jarida, tunda ni lissafina iyakarshi yatsu. A aji biyu na kolej na yi sallama da lakwal, wato makarantar boko, ko in ce lakwal ta yi sallama da ni, har yau ba a tantance ba. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannuna bakina yake bi, bakina kuwa duk Dakoro an san shi. Sunana Idi. Lawali taubashina ne, ɗan Goggo Hajo, yayar babana. Shi ya ce ni bawanshi ne, ni na ce shi ne nawa, har aka kai shi makwanci ba mu raba wannan gardama ba.

Kun san taubashi ba ya yabon taubashi ido da ido. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarshi, ban taɓa ce mashi ko sannu da aiki ba. Yau da ba ya nan balle ya yi mani dariya, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Shagon yana nan inda yake, kan hanyar da ake koro shanu zuwa kasuwa. Muna ɗaukar hoton takardu, muna kwafe, amma abin da ke riƙe da gida shi ne fim ɗin biki da na suna. Ni ke riƙe kamera, don ni ke da bakin da zai sa tsohuwa ta yi dariya ta manta ba ta da haƙori. Shi kuma ya zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya yanka, ya haɗa, ya sa sunan ango da amarya cikin furanni. Daga nan ya samu sunan Montaj. To, a cikin ordinatar ɗin nan akwai wani faranti mai fanka, ƴan boko na ce mashi kart girafik, mu kati kawai muke cewa. Shi ke ɗaukar nauyin hoto. In katinka mai ƙarfi ne, fim ya dahu kafin shayi ya kai na uku. In rago ne, amarya sai ta haihu ba ta ga fim ɗin aurenta ba.

Baban Lawali dillalin shanu ne, cikin kasuwar dabbobi ya tashi, shi ya sa duk abin da ya kalla da idon dillali yake kallonshi. Ya ce katunan nan kamar garke suke. Akwai bajimi, na masu hannu da shuni, wanda in ka sa shi a shago irin namu sai ya shanye bateri kafin azahar ya miƙo kwano. Akwai ɗan maraƙin da ko guga bai iya ja. Tsakaninsu kuma akwai ɗan tsakiya, shi yake kira karsana. Kullum maganarshi ke nan: “Talaka karsana yake saye, Idi. Ba ta cinye gida, kuma tana haihuwa.”

Ciwon Lawali guda ne, labarin katin da bai fito ba tukuna. Wasu na bin ƙwallo, wasu na bin kokowa, shi jita-jitar kati yake bi. Da hantsi, in an ɗora shayi bakin shago, sai ya ciro salula ya shiga karanta abin da masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka rubuta, ya juya mana shi da Hausar kasuwa. Kamfani biyu yake yawan ambato, na kore da na ja, kamar wasu manyan Alhazai biyu masu gasar garke.

“Bawana, matso ka ji. Ɗan tsakiyan da zai fito, sun ce zai kamo bajimin bara a gudu.”

“Wa ya ce?”

“Wani ya ce wani ya ga takardar.”

“To ai ni ma wani ya ce mani wani ya ga aljani bayan tasha yana shan lemu.”

Sai ya yi dariya ya ce jahilci ba ciwo ba ne amma ya fi ciwo wahalar magani. Amma fa ba duk abin da ya karanta yake haɗiyewa ba. Ya ce jita-jita kamar hadari ce, wani ya zubar, wani iska ce kawai da rugugi. In an zuzuta kati, shi ba ya tambayar gudunshi tukuna. Sai ya ce mi yake ci, don mu wutarmu rabi ta gari ce rabi ta pano mai zuƙo hasken rana, katin da ya fi ƙarfin baterinmu ado ne kawai. Sannan ya tambayi girman tumbinshi, wato wurin da yake tara hoto yana tuƙa, don fim ɗin biki mai tsawo ba ya shiga ƙaramin ciki. Abin da ya fi ba ni dariya kuwa, sai ya ce: “Duk gwajin nan da suke yi, cikin ɗaki mai sanyi suke yi. A kawo shi Dakoro cikin bazara, a rufe ƙofa, sannan mu yi magana.”

Na tuna wani kati da aka yi ta kururutawa, har wani malamin kolej, mushe a bakinmu, da ke zama wurinmu ya rantse wannan shi ne ƙarshen zance. Lawali ya daɗe yana kallon salula, ya kurɓi shayi ya ce: “Ƙaho ne, ba nono. Tumbin ya yi kaɗan.” Mushe ya ce wane ne kai da za ka gyara ma injiniyoyi aiki. Da katin ya fito, waɗanda suka saye shi suka fara kuka da abin nan da ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Mushe ya yi sati biyu yana bi ta bayan layi. Shi Lawali bai taɓa wuce Maradi ba sai sau ɗaya, amma yana zaune kan kujera mai ƙafa uku da bulo yana faɗin abin da zai faru a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗi daidai ba. In ka ji wane, ba banza ba.

Yanzu haka an sake shiga irin wannan lokaci. Ko’ina ka leƙa cikin salula zancen ƴan tsakiyan da za su fito ake yi. Wasu sun ce za a ƙara masu tumbi, wasu sun ce a’a, tumbin nan ne dai za a sake shafa ma fenti. Wasu sun ce za su kamo manyan da suka wuce, wasu sun ce sai dai su hango ƙurarsu. Sau da yawa ina zaune sai in ji kamar in juya in ce, kai bawa, mi ka gani? Abin da na fi so in ji bakinshi a kai shi ne sabon salon nan da aka fito da shi, inda kati zai zana hoto ɗaya na gaskiya, sannan ya ƙago na tsakani da ka, don a ga kamar gudu ya ƙaru. Na san abin da zai ce kamar yana gabana. Zai ce nono ne aka sa ma ruwa, ƙwarya ta cika amma a tambayi mai tatsa nawa saniya ta ba da. Sannan, don shi ba mai taurin kai ba ne, zai sa a nuna mashi ya kalla da kyau, in ya ga abin ya yi santsi ya ce, to ai fura ma da ruwa ake dama ta, a dai faɗa ma mai saye gaskiya.

Sau ɗaya tak na ga hasashen Lawali ya faɗi ƙasa, kuma a kan wannan nake so in tsaya.

Akwai wata Zuwaira, ɗiyar wani tela a Kornaka. Ita ke ɗaukar fim ɗin ɓangaren mata, cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Takan zo shagonmu ranar kasuwa ta koyi montaj wurin Lawali. Kanta na ja, hannunta na da kyau, amma injinta tsoho ne, in ta ɗora mashi fim sai ya yi ta nishi ya mutu a hanya. Ana tsakiyar damina, shekarar da zai rasu, na shigo shago na tarar Lawali ya buɗe cikin ordinatar ɗinmu, ya ciro katinmu mai kyau, karsanar da muke ci da ita, yana goge ta da tsumma. Ya maida wani tsohon ɗan maraƙi da muka daɗe da jefawa cikin kwali.

Na ce lafiya? Ya ce Zuwaira zai ba habbanaye.

Wanda ba ɗan wajenmu ba, habbanaye al’adar Fulani ce da muka tashi muka tarar. In ɗan uwanka ko amininka ya rasa dabbobi, sai ka ɗaure mashi karsana. Ya riƙe ta, ya sha nono, har ta haihu sau uku. Ƴaƴan nashi ne, uwar ta koma gida. To Lawali ya ɗauko wannan ya ɗora ma ƙarfe. Ya ce ma Zuwaira ta riƙe katin har ya haihu uku: haihuwar fari ta sayi kamerar kanta ta bar haya, ta biyu ta sa pano da bateri, ta uku ta sayi katin kanta. Ranar nan sai uwar ta dawo Dakoro.

Na ce: “Mu kuma mu ci mi, ƙusa?”

Ya ce: “Sabon ɗan tsakiya na tafe, wata biyu ya yi yawa. Na riga na yi ma wani ɗan Maradi magana. Wanda zai zo ya ninka wannan.”

Ranar na zazzage mashi duk karin maganar da na sani. Na ce ba a zubar da ruwan randa don ganin hadari. Na ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na ce ashe dillali ma ana sayar mashi da saniya cikin ciki. Yana ta murmushi yana naɗe katin cikin leda, ya ce in na gama wa’azi in miƙo mashi sukurdireba.

Wata biyu ya wuce, babu kati babu labarinshi. Shekarar nan ce katuna suka yi wuyar gani a duniya duka, wanda ya fito ma manya suka wawashe tun bai sauka ƙasa ba. Mu kuma muna nan da ɗan maraƙi, fim ɗaya ya wuni kan wuta. Kullum da safe gaisuwata gare shi ita ce, “Ina kwana, ya hadari?” Wallahi na ji daɗin abin a lokacin. Tun da nake ban taɓa kayar da shi a gardama ba sai wannan karon, na kuwa ja shi a ƙasa yadda ya kamata.

Gero na fara nuna zazzaɓi ya kama shi. Mun ɗauka irin wanda aka saba ne na ƙarshen damina. Kwana huɗu. Ranar da aka kai shi asibiti yana ce mani in kula da fim ɗin gidan su wane, kada in sa waƙa inda liman ke addu’a kamar yadda na taɓa yi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ban san ita ce ta ƙarshe ba, da na nemi wadda ta fi ta.

Bayan addu’ar arba’in sai na farka na ga inda nake. Kaka ta kankama, biki ta ko’ina, kuma shagon nan shi ne tukunyar Goggo Hajo da matar Lawali da ƴar ɗiyarshi. Na iya montaj daidai gwargwado, zama kusa da shi bai tashi a banza ba, amma ɗan maraƙin nan ya ƙi ja. Mutane suka fara zuwa suna tsayawa bakin ƙofa suna tambaya cikin ladabi, don suna jin kunyar mamaci. Daga baya kunyar ta fara ƙarewa. Wani ango ya karɓi kayanshi ya kai Maradi. Na ce a raina, in na zauna kallon ruwa kwaɗo zai yi mani ƙafa. Katinmu na Kornaka yana yi ma wata aiki, mu muna nan muna hamma. Na hau moto, ɗan babur ɗina, da hantsi ban gaya ma kowa ba.

Na tarar da Zuwaira cikin ɗan ɗakin da babanta ya yanka mata jikin shagon ɗinki, injin na aiki, fankar katinmu na juyawa lafiya lau kamar ba ta san an yi mutuwa ba.

“Malam Idi Baki, yau kai ne a garinmu? Ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, Hajiyar kamera.” Na gyara murya, don tun daga hanya na shirya jawabi. “Kin san dai yadda duniya take. Mai kaya ya rasu, magada kuma...”

“Kati ka zo ɗauka.”

Jawabin nan nawa ko rabi bai kai ba. Ba ta yi gardama ba, da ma ta yi, da na san yadda zan yi da ita. Ta kashe injin ana tsakiyar aiki, ta kwance katin, ta hure ƙura, ta cire kallabin da ke rataye jikin ƙusa ta naɗe shi. Ta miƙo mani da hannu biyu ta ce: “Ga shi. Ko ciki bai ɗauka ba tukuna, amma naku ne.” Kan teburinta kile-kile ne jere, ƴan ƙarafan nan da ake loda fim ciki, kowane da sunan amarya a jiki, duk suna jiran layi. Na yi kamar ban gani ba. Idon ɗan tasha ya iya wannan.

Da la’asar na shiga gida ina taƙama. Goggo na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na ajiye ƙunshin gabanta na ce, “Goggo, na ƙwato mana kayanmu.” Ta buɗe kallabin ta daɗe tana kallo. Lawali ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ko yana raye ko bayan ranshi. Mai shagon take ce mashi.

“Wannan ce saniyar da mai shagon ya ɗaure ma yarinyar Kornaka?”

“Ba saniya ba ce, Goggo, ƙarfe ne.”

“Da ya ba ta, mi ya ce sunan abin?”

Na kau da kai, ta sake tambaya. Na ce habbanaye.

“To saniya ce.”

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, tana magana ba ta kalle ni ba. Ta ce shekarar da fari ya share masu turke, mai shagon na goye, wani Bafulatani aminin mijinta, Ja’e, ya koro karsana ya ɗaure masu a ƙofar gida. Haihuwa ɗaya ta yi Ja’e ya rasu. Ƴaƴanshi suka zo har nan, suka sha ruwa, suka shafa bayan saniyar, suka yi sallama. Ba wanda ya kai hannu ga igiya, alhali su ma a lokacin ba wani abin kirki gare su ba. Sai da ta cika uku aka maida masu ita. “Nonon saniyar nan mai shagon ya sha har ya yi wayo. Kai ma ka sha na jikokinta, mai kwaɗayi, da ba ka da gidan da ya wuce nan.”

Na ce: “Goggo, in shagon ya mutu mi za ku ci?”

“Abin da muka ci kafin a haifi ordinatar. Tashi ka maida tun rana ba ta faɗi ba. Na rasa ɗa, kada ka sa in rasa maganarshi.”

Jama’a, na sha zagi a tasha, na sha mari a lakwal, jandarma ma ya taɓa sa ni tsallen kwaɗo a kan takardun moto. Ba wanda ya shige ni kamar wannan. Na ɗauki ƙunshin na koma Kornaka da yammacin nan. Zuwaira ta gan ni bakin ƙofa ta ce, “Ka yi mantuwa ne?” Na ce a’a, kallabinki na kawo maki, abin da ke ciki kuma ya biyo shi. Ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, ni ma na tsaya ina karanta kalandar bango kamar na iya Larabci. Can ta ce: “In fim ya fi ƙarfin injinku, ka sa shi a kile ka ba direba. In na gama nawa sai in dafa maku.”

Haka muka yi. Ni in yanka in haɗa a Dakoro, in ba direban da ke bin hanyar, ita ta dafa ta maido. Wani lokaci kile ya kwana aljihun direba, wani lokaci ya zarce Maradi ya yi yawon buɗe ido ya dawo. Mun rasa wasu masu biki, ba zan ɓoye ba, kakar nan miyar gidanmu ba ta ga nama sosai ba. Amma shagon bai rufe ba. Matan Kornaka da suka ji labarin kuma, duk mai ɗan uwa a Dakoro sai ta ce a kai aiki shagon marigayi. Alheri danƙo ne, da ina jin wannan a bakin tsofaffi in ɗauka abin da ake faɗi ne in an rasa abin faɗi.

Sai da aka kusa shekara uku katin ya cika haihuwarshi. Kamera, pano, sannan nata katin, ɗan tsakiya ita ma ta saya, ɗalibar wa take. Ta zo Dakoro da babanta, da goro, da katin cikin sabon kallabi. Ba ni ta ba, hannun Goggo ta sa shi. Da za su tafi na raka su bakin hanya, na ce mata ai malaminki gwani ne amma a kan wannan katin ya sha ƙasa, ya ce wata biyu, ga mu a shekara uku. Ta tsaya ta kalle ni.

“Wai har yanzu ba ka sani ba? Ranar da ya ba ni na ce mashi, kai fa? Ya ce sabo na tafe. Na ce yaushe? Ya yi dariya ya ce, yadda nake ganin hadarin nan zai makara, in ma ya zo ba zai sauka gonar irinmu da wuri ba. Amma ke kaka ba za ta jira ki ba. Ya ce kada in gaya maka, bakinka ya fi lasifikar masallacin Juma’a nisa.”

Ashe ya sani. Ashe duk “ya hadari” da nake yi mashi kowace safiya, yana murmushi ne don ya ga abin tun kafin in iya tambaya. Gardama ɗaya da na ɗauka na ci, ita ma kyauta ya ba ni. Ya gwammace in yi mashi dariyar wanda lissafi ya kufce ma, da in tsaya mashi a ƙofa in hana shi abin da ya yi niyya. Na ɗauka ya ba da katin ne don yana jiran wani. Shi kuwa ya ba da shi ne don ranar nan ake buƙatarshi.

Katin ya koma cikin injinmu, ya yi mana shekara biyu yana aiki. Ya tsufa, fankarshi ɗaya na ɗan kuka, amma har yanzu yana tatsuwa. Ni kuma, ban san ranar da abin ya kama ni ba, na wayi gari ni ke zaune kan kujerar nan mai bulo ina karanta ma mutane jita-jita. Ina da rago biyu a gida da nake kiwo don sabon ɗan tsakiyan da ake ta zance. In kuna son nawa hasashen, ga shi, kyauta: zai fi na yanzu, amma ba kamar yadda ake kururutawa ba, kuma duk wanda tumbinshi bai ƙaru ba ku bar masu abinsu ko da ya zo da ƙaho na zinari. Yaushe zai iso Dakoro kuwa, wannan sai Allah.

Sati biyu da suka wuce wani Bube ya zo daga Korahane. Magidanci ne, da iyali, garkenshi ya ƙare a hannunshi shekarun baya. Yanzu yana ɗaukar hoton shanun mutane da salula yana tura ma masu saye na nesa, yana kuma ɗan taɓa fim ɗin suna. Ya haɗa wani inji na okaziyo, wato na hannu, sai dai ba kati. Ya zauna ya sha shayi har na uku bai faɗi abin da ya kawo shi ba, irin kunyarsu ta Fulani. Da ya tashi tafiya ya ce ya ji wai gidan nan akwai saniyar da ake ɗaure ma mutane.

Na ce akwai, amma ya bari sabo ya iso hannuna tukuna, ni ba na zubar da ruwan randa. Ya ce to, ba komai, Allah ya kawo shi lafiya. Ya sa takalmi. Yana bakin ƙofa ya ce, kamar da kanshi yake magana, “Da ma don kaka ce.”

Na bar shi ya kai har wurin mai faci kafin in ƙwala mashi kira.

Na gaya ma Goggo da matar Lawali kafin in kwance ma Bube katin, don tukunyarsu ce. Matar ta ce in dai Zuwaira na nan ai ba mu mutu ba. Goggo ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kallabin nan da aka maido shi ciki, a wanke a ninke. Ashe ajiye shi ta yi.

Shekara biyar. Kayan Lawali an raba, rigunanshi sun tsufa jikin wasu, katunan da ya yi ta hasashe a kansu duk sun fito sun zama tsoffin yayi, yanzu yara ma ba su san su ba. Abin da ya rage wanda bai tsufa ba shi ne igiyar nan da ya ɗaura, daga Dakoro zuwa Kornaka, yau ga ta a Korahane, kuma ina jin ko bayan katin ya mutu za a samu abin da za a ɗaura mata. Allah ya jiƙan Lawali, ya sanyaya makwancinshi fiye da ɗakunan gwajin da yake yi ma ba’a, ya ba shi ladan kowane fim da ƙarfen nan ya dafa a gidan da ba nashi ba. Wanda ya karanta ya sa shi cikin addu’a.

Ni dai ga ni zaune, na sake ciro ɗan maraƙin nan daga kwali. Tun hantsi na ɗora mashi wani ɗan fim ɗin suna, na rubuta duk abin nan da kuka karanta, na yi azahar, na dawo, yanzu ya kai rabi. Mai suna ya leƙo sau biyu. Bawana, ka ga abin da ka ja mani. Ina wuni, ya hadari?